Darasi na 12: Gano Fayilolin da Ba a Buɗe Ba ta Hanyar Lokutansu

Duk wanda ya ɗan jima yana aiki da kwamfuta ya san halin foldar `Downloads`. Takardun darasi, rasit ɗin banki, fom ɗin neman aiki, karatun tafsirin da aka sauke da azumi da niyyar a saurara bayan sallah, duk sun taru sun yi tsibi. Ranar da mutum ya zauna zai gyara wurin, tambayar da za ta fara tare shi ita ce: wanne na buɗe, wanne ne ban taɓa leƙawa ba? WhatsApp yana nuna muku saƙon da ba ku karanta ba, akwatin imel ma haka. Folda kuwa ba ta cewa komai. Amma tsarin Linux yana ajiye wani ɗan bayani game da kowane fayil wanda zai amsa wannan tambaya, muddin kun san yadda ake tambayarsa, kun kuma san iyakar abin da ya sani.

A darussan baya kun saba da `cd` da `ls` da `cat`. Su za mu ɗora a kai. Ku buɗe taminal, ku riƙa buga kowane umarni da hannunku yayin da kuke karantawa.

Lokuta uku da kowane fayil yake ɗauke da su

Tun daga tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, ake liƙa wa fayil lokuta a cikin rajistarsa, wato wurin da ake rubuta girmansa da mai shi da wanda aka yarje wa ya taɓa shi. Linux ya gaji wannan tsari. Lokuta uku ne ginshiƙai.

Na farko `mtime`, lokacin da aka yi wa abin da ke cikin fayil rubutu na ƙarshe. Shi ne wanda `ls -l` yake nuna muku kullum. Na biyu `atime`, lokacin da wani abu ya karanta cikin fayil ɗin na ƙarshe. Na uku `ctime`, lokacin da rajistar fayil ɗin ta sauya: an canja masa suna, ko mai shi, ko izininsa, ko kuma an yi masa rubutu. Mutane da yawa suna ɗaukar `ctime` a matsayin ranar da aka ƙirƙiri fayil, kuma ba haka ba ne. Ranar ƙirƙira lokaci ne na huɗu daban, wanda tsarin ajiya irin `ext4` yake riƙewa, sababbin Linux kuma suke nunawa.

Don ku ga dukkansu a wuri ɗaya:

`stat tafsiri-03.mp3`

A ƙasan amsar za ku ga layuka irin waɗannan. An rage wutsiyar lambobin da ke bin daƙiƙa don sauƙin karantawa:

```
Access: 2024-03-18 21:04:11 +0100
Modify: 2024-03-18 21:06:40 +0100
Change: 2024-03-18 21:06:40 +0100
 Birth: 2024-03-18 21:04:11 +0100
```

Ku tsaya ku karanta wannan da kyau, domin darasin gaba ɗaya yana cikin layuka biyun farko. An fara sauke fayil ɗin da ƙarfe tara da minti huɗu na dare. A wannan daƙiƙar aka ƙirƙire shi, aka buga masa lokacin ƙirƙira da na karantawa iri ɗaya. Saukewar ta ci minti biyu da rabi, ana ta zuba masa bayanai, don haka lokacin rubutu ya yi ta matsawa gaba har ya tsaya a 21:06:40. Lokacin karantawa kuwa yana nan inda aka bar shi tun farko. Da wani ya kunna karatun daga baya, ko da na daƙiƙa biyu ne, da layin `Access` ya wuce layin `Modify`. Tunda bai wuce ba, babu wanda ya buɗe shi.

Ƙa'idar ke nan: idan `atime` bai wuce `mtime` ba, ba a karanta fayil ɗin ba tun rubutun da aka yi masa na ƙarshe.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A tsofaffin injinan Unix, duk wasiƙun mutum fayil guda ake zuba su. Idan wasiƙa ta shigo, lokacin rubutu ya matsa gaba, idan mai akwatin ya karanta, lokacin karantawa ya matsa. Da gwada waɗannan biyun ake sanar da mutum cewa yana da sabuwar wasiƙa. Manhajar wasiƙu ta Mutt har yau tana iya aiki da wannan hanya.

Gwaji kafin a ci gaba

Kada ku yarda da maganata kafin ku gani da idonku. A cikin foldarku ta gida ku buga:

```
mkdir gwaji
cd gwaji
echo "Assalamu alaikum" > sako.txt
stat sako.txt
```

Lokutan duka za su zo ɗaya, ko kusan ɗaya. Ku ɗan jira kamar minti guda, sannan:

```
cat sako.txt
stat sako.txt
```

Yanzu `Access` ya matsa gaba, sauran suna nan. Ku lura kuma cewa `stat` ɗin da kuka yi ta bugawa bai motsa komai ba, domin rajista kawai yake dubawa, ba ya shiga cikin fayil. Haka `ls` da `find` suke. Wannan ne ya sa za mu iya bincike da su ba tare da mun ɓata shaidar da muke nema ba.

Ku ƙara jiran minti guda, ku sake `cat sako.txt`, ku sake `stat`. A yawancin kwamfutoci za ku tarar `Access` bai motsa ba a karo na biyu. Ba kuskurenku ba ne, kuma za mu zo ga dalilinsa.

Binciken folda sukutum

Duba fayil ɗaya-ɗaya ba zai kai mu ko'ina ba idan suna da yawa. `ls -lu` yana nuna lokacin karantawa a madadin na rubutu, `ls -lut` kuma yana jera su daga wanda aka buɗe kwanan nan zuwa wanda aka daɗe ba a taɓa ba. Yana da amfani, sai dai ba ya gwada lokutan biyu da juna. Wanda zai yi mana wannan aikin shi ne:

`find ~/Downloads -type f -printf '%A@ %T@ %p\n' | awk '$1 <= $2' | cut -d' ' -f3-`

Layin yana da tsawo, amma kashi uku ne kawai, sanda mai tsaye `|` tana miƙa amsar kowane kashi ga na gabansa.

Kashin farko yana shiga `Downloads` da duk foldodin da ke cikinta, ya ɗauko fayiloli zalla, wanda shi ne aikin `-type f`. A kan kowanne sai ya buga abu uku a layi guda: `%A@` lokacin karantawa, `%T@` lokacin rubutu, `%p` sunan fayil tare da hanyarsa. Alamar `@` tana nufin a kawo lokacin a matsayin lamba guda, ba rana da wata da shekara ba. Lambar ita ce yawan daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga 1 ga Janairu 1970, da haka Unix yake ƙirga lokaci. Misali, 1700000000 ta faɗo ne a ranar 14 ga Nuwamba 2023. Amfanin wannan a fili yake: gwada lamba da lamba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gwada kwanan wata da kwanan wata.

Kashi na biyu, `awk`, yana duba kowane layi. `$1` ita ce lambar farko, `$2` ta biyu. Idan ta farko ba ta fi ta biyu ba, ya bar layin ya wuce, in ba haka ba ya yar da shi. Kashi na uku yana yanke lambobin biyu ya bar suna. Ɗan jan da ke bayan `3` yana da muhimmanci: yana cewa a ɗauko daga gurbi na uku har ƙarshen layi. Idan kuka manta shi, fayil mai suna `jarrabawar bana.pdf` zai fito a matsayin `jarrabawar` kawai.

Ina ba ku shawara ku fara buga kashin farko shi kaɗai ku ga lambobin, sannan ku ƙara na biyu, sannan na uku. Wanda ya haddace layin bai fahimce shi ba, ranar da ya manta harafi guda ya tsaya cik.

Idan takardun PDF kawai kuke nema, ku saka `-iname '*.pdf'` bayan `-type f`. Idan adadinsu kuke son sani, ku ƙara `| wc -l` a ƙarshe.

Akwai gajeriyar hanya a cikin `bash` kansa, wato manhajar da ke karɓar umarninku a taminal. Gwajin `-N` yana tabbata idan an yi wa fayil rubutu bayan karatun ƙarshe:

`for f in *; do [ -N "$f" ] && echo "$f"; done`

Ya fi daɗin tunawa, amma folda ɗaya kawai yake dubawa, kuma ƙaramin fayil da lokutansa biyu suka zo daidai wa daida yana iya kuɓuce masa. Ni na fi natsuwa da `find`. Masu kwamfutar Apple kuma su sani cewa `find` ɗinsu ba shi da `-printf`. A can `stat -f '%a %m %N' *` ne zai ba su lambobin biyu da suna, sai su miƙa wa `awk` kamar yadda muka yi.

Wata tambaya mai kama da wannan ita ce ta fayilolin da aka taɓa buɗewa amma aka daɗe da mantawa da su:

`find ~/Documents -type f -atime +180`

Wannan zai kawo waɗanda ba a karanta ba sama da kwana 180. Ku kula da lissafinsa: `find` yana ƙirga kwana da awa 24 cikakku ya zubar da ragowar, saboda haka `-atime +1` yana nufin kwana biyu cikakku ko fiye, ba abin da aka buɗe jiya ba. Idan rana takamaimiya kuke so, `! -newerat '2024-01-01'` zai kawo duk abin da ba a buɗe ba tun shigowar 2024.

Me ya sa lokacin bai motsa ba a karo na biyu?

Rubuta lokacin karantawa yana da tsada. Ma'anarsa duk sanda aka karanta wani abu, sai an koma an yi rubutu a faifan ajiya. Kwamfuta kuwa tana karanta dubban fayiloli tun kafin ta gama tashi. Wannan yana rage mata gudu, yana shan batir. Masu gina Linux sun daɗe suna kukan haka. Wasu suka ce a kashe abin gaba ɗaya, ta hanyar zaɓin `noatime`, amma yin hakan zai makantar da manhajoji irin Mutt. Sai Valerie Aurora, wadda a lokacin ake kira Valerie Henson, ta rubuta matsakaiciyar hanya mai suna `relatime`. Hanyar ta shiga Linux 2.6.20 a 2007, kuma daga Linux 2.6.30 a 2009 ta zama ita ce ake aiki da ita sai in mutum ya canja.

A ƙarƙashin `relatime`, ana sabunta lokacin karantawa ne idan tsohon bai wuce `mtime` ko `ctime` ba, ko kuma idan ya yi kwana guda da rubutawa. Kamar maigadi ne mai littafin rajista da yake rubuta shigowar baƙo ta farko, amma idan baƙon ya yi ta shige da fice a wunin nan ba zai sake ɗaukar biro ba sai gobe. Ga aikinmu wannan ya wadatar, domin buɗewar farko muke farauta, kuma ita ce `relatime` ba ya taɓa tsallakewa. Abin da ba za ku samu ba shi ne ainihin sa'ar da aka buɗe fayil na ƙarshe a cikin yini.

Kafin ku dogara da kowane sakamako, ku tambayi kwamfutarku wane tsari take bi:

`findmnt -no OPTIONS -T ~/Downloads`

Idan kuka ga `relatime` a cikin amsar, ku ci gaba. Idan `noatime` kuka gani, ku dakata. A wannan faifan ba a rubuta lokacin karantawa sam, don haka umarninmu zai zubo muku har littafin da kuke karantawa kowace safiya ya ce ba a taɓa buɗe shi ba.

Inda shaidar take yaudara

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ake yin ɓarna. Kwamfuta ba ta san karatu irin na ɗan Adam ba. Abin da ta sani shi ne wata manhaja ta nemi abin da ke cikin fayil an ba ta. Ko ku ne kuka zauna kuka karanta shafi hamsin, ko wata manhaja ce ta leƙa ta wuce, a wurinta duk ɗaya ne.

Idan kuka buga `grep -r` kuna neman wata kalma a folda, ya karanta duk fayilolin da ke ciki, kuma daga wannan lokacin dukkansu sun zama waɗanda aka buɗe. Kwafa da `cp` karantawa ce. Ɗaure folda da `tar` don ajiyar ko-ta-kwana karantawa ce, sai in kun saka masa `--atime-preserve`. Manhajar farautar bairos takan bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Har buɗe folda da linzamin kwamfuta yana iya jawo haka, domin kafin a nuna muku ɗan ƙaramin hoton shafin farko na PDF, dole wani abu ya buɗe takardar ya zana shi. Wanda yake son wannan bincike ya yi masa aiki, sai ya yi shi kafin waɗannan, ba bayansu ba. Kuma shaidar da ta goge ba ta dawowa.

Saboda haka amsar tana da ƙarfi ta fuska ɗaya, tana da rauni ta ɗayar. A faifai mai `relatime`, fayil ɗin da ya fito a jerin yawanci gaskiya ne ba a buɗe shi ba tun rubutun ƙarshe. Wanda bai fito ba kuwa, ba hujja ba ce cewa mutum ya karanta shi. Shugaban ofis da ya duba `atime` ya ce wa ma'aikaci ai kwamfuta ta nuna ka karanta takardar, ya zalunce shi, domin ba abin da kwamfutar ta ce ke nan ba. Balle ma `touch -a` yana sauya lokacin karantawa da umarni guda, `touch -d` kuma yana mayar da shi duk ranar da aka ga dama. Abin da kowa zai iya gyarawa haka ba a yanke wa mutum hukunci da shi.

Ko ta fuskar mai ƙarfin ma akwai ramuka. Takardar da kuka rubuta da kanku, kuka adana kuka rufe, rubutu ne abu na ƙarshe da ya same ta, don haka tana iya fitowa a jerin. Fayil ɗin da kuka karanta sannan kuka kwafe da `cp` kawai, kwafin sabon fayil ne mai sababbin lokuta, zai fito kamar baƙo. Idan kuna son kwafi ya tafi da lokutan asali, `cp -p` ko `cp -a` za ku yi amfani da shi.

Sai kuma fayilolin da suke zuwa da tsohon kwanan wata a jikinsu. `wget` yakan liƙa wa abin da ya sauke ranar da aka gyara shi a can inda ya fito, `tar` ma idan yana kwance ƙunshi yakan mayar wa kowane fayil tsohon `mtime` ɗinsa. Takardar da aka rubuta a 2019 kuka sauke yau, lokacin rubutunta 2019 ne, na karantawa yau, sai ta yi kama da wadda aka buɗe alhali ba ku ko kalle ta ba. Maganin wannan shi ne a gwada `atime` da `ctime`, domin shi `ctime` agogon kwamfutarku ne yake buga shi, `touch` ba ya iya mayar da shi baya. A cikin umarninmu ku cire `%T@` ku sa `%C@`. Sai dai wannan ma yana da kuɗinsa: sauya wa fayil suna ko izini yana matsar da `ctime`, don haka wanda kuka karanta sannan kuka canja masa suna zai dawo jerin. Ku gudanar da duka biyun ku dubi bambancinsu, a nan za ku gane tarihin kowane fayil.

Game da filashi da katin ajiya na waya, yawancinsu suna zuwa da tsarin FAT32 ko exFAT. Shi FAT32 ranar karantawa kawai yake riƙewa, babu awa babu minti, lokacin rubutu kuma yana tafiya ne da daƙiƙa biyu-biyu. Fayil ɗin da aka saka da safe aka karanta da yamma a rana guda zai fito kamar ba a taɓa shi ba. Idan kuma filashin yana yawo tsakanin kwamfutoci, ku sani Windows tun daga Vista ta zo da sabunta lokacin karantawa a kashe a faifan NTFS, sai a wasu nau'o'in Windows 10 aka sake sassautawa. Abin da ya ratsa hannuwa da yawa haka, lokutansa ba abin jingina ba ne.

Dalilin da ya sa ban nuna muku yadda ake haɗa wannan bincike da `rm` ko `-delete` ba ke nan, ko da yake abu ne mai sauƙi. Taminal ba shi da kwandon shara da za a koma a tsinto abu. Kuma fayil ɗin da ba a taɓa buɗewa ba sau da yawa shi ne mafi daraja: hoton takardar fili, kwafin shaidar kammala makaranta, rasit ɗin da ba za a nema ba sai ranar da rigima ta tashi. Ku zuba jerin a takarda ta hanyar ƙara `> ~/ba-a-bude-ba.txt` a ƙarshen umarnin, ku karanta shi da `less`, ku yanke shawara a kan kowanne da kanku.

Aikin gida

Ku koma foldar `gwaji`, ku ƙirƙiri fayiloli biyar da `echo`, ɗaya daga cikinsu ya kasance da tazara a sunansa. Bayan minti guda ku karanta biyu da `cat`, ku gudanar da umarnin `find` a kan foldar, ku tabbatar uku ne suka fito daga cikin sababbin, kuma mai tazarar ya fito da cikakken sunansa idan yana cikinsu. Daga nan ku buga `grep -r alaikum .` ku sake gudanar da umarnin. Ku rubuta a littafinku abin da ya faru da jerin, da dalilinsa.

Sannan ku ɗauki ɗaya daga cikin fayilolin ku canja masa suna da `mv`, ku gwada binciken da `%T@`, ku sake gwadawa da `%C@`. A wanne ya fito? Ku zo aji da amsar, tare da layin da `findmnt` ya ba ku a kwamfutar da kuka yi aikin.